Masu koyon aiki: a raba su rukuni-rukuni gwargwadon yadda kowa ke koyo?

Mai_Kula_Da_Koyo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni nake kula da masu koyon aiki a wurin da muke haɗa ƙofofi da tagogi da tankunan ƙarfe. Kwanakin baya aka tura mu wani taron bita, mai gabatarwa ya raba mana takardar tambayoyi, ya ce kowane ɗan koyo ya cike ta, daga amsarsa za mu gane ko da ido yake koyo, ko da kunne, ko da karatu da rubutu, ko kuwa da hannu. Daga nan sai mu kasa su gida huɗu, kowane rukuni a koya masa ta hanyar da ta dace da shi. Maganar ta shiga raina, domin bambancin nan ina ganinsa kullum. Akwai yaron da sau ɗaya zai kalli yadda ake riƙe sandar walda ya ɗauka, akwai wanda sai ka yi masa bayani dalla-dalla, akwai kuma wanda duk surutun da za ka yi bai shiga, sai ya taɓa da hannunsa. Amma kafin in juya tsarin wurin gaba ɗaya ina so in ji daga waɗanda suka riga ni. Wa ya taɓa gwada wannan rabon? Ya yi amfani?

TsohonKanike:
Wa alaikumus salam. Malam, ni ban san takardar nan ba, amma na san yara ba ɗaya ba ne. Na yaye da dama a gareji. Wani da kunne yake kama ciwon inji tun kafin a buɗe bonet, wani kuma sai an kwance an shimfiɗa masa kayan a ƙasa ya ga yadda suke shiga juna. In ka ce duk hanya ɗaya za ka bi da su, rabinsu za su gudu.

Malama_Ilimi:
Baba TsohonKanike, gaskiyarka cewa yara ba ɗaya ba ne, ba mai musun wannan. Amma takardar da aka ba Malam tana da'awar abin da ya wuce haka, shi ya sa nake so in tsaya a kanta.

Rabon nan na ido, kunne, karatu da hannu, wani malami ɗan ƙasar New Zealand mai suna Neil Fleming ne ya tsara shi a 1987, ana kiransa VARK. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 2004 wasu masu bincike a Ingila ƙarƙashin Frank Coffield suka ƙirga irin waɗannan tsare-tsare har 71, suka zaɓi 13 suka yi musu binciken ƙwaƙwaf, suka tarar yawancinsu ma'aunin nasu ma ba ya tsayawa daram. Sai a 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa uku suka yi tambayar da ta fi muhimmanci: in an ɗauki wanda aka ce mai koyo da ido ne aka koya masa da hoto, shin yana fin wanda aka koya masa da bayanin baki fahimta, mai koyo da kunne kuma akasin haka? Domin in ba a ga wannan musayar ba, rabon ba shi da amfani. Suka duba binciken da aka yi, suka ce ba su sami isasshiyar hujja ba, kuma 'yan gwaje-gwajen da aka yi yadda ya kamata, da dama daga cikinsu sun saɓa wa da'awar.

Mutum yana da hanyar da ya fi so, wannan tabbas ne. Amma abin da ka fi so daban, abin da ya fi zaunar maka da ilimi daban.

DanWayarin:
To Malama, in haka ne me ya sa ni ba na gane komai sai na ga zane? Ki yi min bayanin yadda za a haɗa makunni biyu su kunna ƙwai ɗaya daga ƙasan bene da samansa, wallahi sai kaina ya ɗaure. Amma ki zana min a takarda, nan take na gane.

Malama_Ilimi:
DanWayarin, kawo min mutum ɗaya da ya fi gane haɗin waya da bayanin baki kawai ba zane. Kusan kowa zane ya fi masa a nan, saboda abin da ake koyon shi kansa abu ne na waye ya tafi ina. Aikin ne ya zaɓi hanyar, ba kai ba. Kai ɗin nan in za a koya maka bambanta ƙarar taransifoma mai lafiya da mai matsala, zane ba zai yi maka komai ba, sai ka saurara.

Mai_Walda_A_Sama:
Wannan magana ta Malama ta zauna min. Malam mai tambaya, kai ma ka san walda. Yaro yana buƙatar ido, domin ta cikin baƙin gilashin nan zai kalli narkakken ƙarfen yana bin bayan sanda, ya gane ya yi faɗi ko ya tsuke. Yana buƙatar kunne, domin in ya ɗaga sanda da yawa ƙarar tana sauyawa, tartsatsi ya yawaita, in ya matsa da yawa kuma sanda ta manne. Yana buƙatar hannu, domin sanda tana cinyewa tana gajarta, dole hannun ya riƙa sauka a hankali yana tafiya gaba a lokaci guda, kuma wannan ba wanda zai iya gaya maka shi ya shiga. Sannan yana buƙatar karatu, ko da na lambar da ke jikin sanda ne da yawan wutar da zai saita. To wane rukuni za ka sa shi? In ka ce wannan mai koyo da kunne ne ka hana shi sauran, ka yi masa illa.

Hajiya_Tela:
Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren ɗinki. Ni abin da na lura ya fi raba masu koyo ba ido ko kunne ba ne. Abin da suka zo da shi ne. Wadda ta taɓa riƙe allura a gida, ko ta san lissafin awo, tana shigowa ta wuce sauran. Wadda ba ta taɓa karanta tef ba kuwa, in ka ce mata inci goma sha huɗu da rabi, tsayawa za ta yi tana kallon layukan. Wani zai ce ai wannan mai koyo da hannu ce, ba ta son lamba. A'a, ba wanda ya taɓa zama ya nuna mata mene ne rabi, mene ne kwata a jikin tef. Da an zauna da ita an nuna mata, shi ke nan.

Sai kuma kunya da tsoro. Akwai wadda ba ta gane ba amma ba za ta taɓa cewa ba ta gane ba, musamman a gaban sa'o'inta. Irin wannan sai ka ja ta gefe.

Injiniya_Masana'anta:
Malam Mai_Kula_Da_Koyo, in kana neman tsarin da aka gwada a wurin aiki na gaske, ba a aji ba, ka nemi wanda ake kira TWI (Training Within Industry), wato horar da ma'aikata a cikin masana'anta. Gwamnatin Amurka ce ta kafa shi a 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, da ƙwararrun ma'aikata suka tafi fagen daga aka cika masana'antu da sababbin hannu, ciki har da mata da yawa da ba su taɓa aikin inji ba. Ba su tsaya tambayar wane ne mai ido wane ne mai kunne ba. Yadda masu koyarwar suke koyarwa suka gyara.

Tsarin mataki huɗu ne. Ka shirya mai koyo: ka kwantar masa da hankali, ka gano me ya riga ya sani, ka tsayar da shi inda zai ga aikin kamar yadda zai yi shi, ba ta gabanka ba inda hagu take zama dama. Sannan ka gabatar da aikin, kana faɗa kana nunawa, mataki ɗaya bayan ɗaya, kana jaddada wuraren da in an kuskure aiki ya lalace ko mutum ya ji ciwo. Sannan ya yi da kansa kana gyara masa, ya sake yi yana gaya maka abin da yake yi da dalilinsa. Na ƙarshe ka bar shi shi kaɗai, amma ka gaya masa wanda zai tambaya, kana leƙowa akai-akai, kana rage leƙen a hankali.

Ka lura, a cikin zama ɗaya ya ji, ya gani, ya taɓa, ya kuma faɗa da bakinsa. Takensu shi ne, in mai koyo bai koya ba, to mai koyarwa bai koyar ba. An rufe shirin a Amurka a 1945, amma ya haye Japan bayan yaƙi, kamfanin Toyota ya rungume shi tun shekarun 1950.

Abin da ya fi wahala a ciki ba matakan ba ne. Kafin ka koyar dole ka zauna ka ɓarje aikin a takarda, mataki-mataki. A nan ƙwararru suke shan mamaki, domin sai su tarar akwai abubuwa da yawa da hannunsu ke yi wanda ba su taɓa faɗa wa kowa ba.

TsohonKanike:
Injiniya, wannan na ƙarshe gaskiya ne. Ɗaurin kan silinda misali. Mu mun san daga tsakiya ake farawa ana zagayowa waje, kuma ba a ɗaure noti ɗaya tamau a tashi ɗaya, zagaye-zagaye ake yi ana ƙara ƙarfi. Yaro yana tsaye yana kallo, abin da yake gani kawai oga yana ɗaure noti. Bai san akwai tsari ba. Ran da aka bar shi ya fara daga gefe ya bi layi, gasket ya ƙone, sai a ce ba ya ji. Alhali ba wanda ya buɗe baki ya ce masa ga dalili.

Amma duk da haka ban janye maganata ba. Akwai yaron da kunnensa baiwa ce.

Yar_Koyo:
Ina gaida iyaye da yayye. Ni har yanzu koyo nake, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Ina so in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu. An taɓa ba mu irin takardar nan, ta ce ni mai koyo da hannu ce. Tun daga ranar, duk lokacin da aka zo bayanin yadda gas yake zagayawa, daga kwampireso zuwa inda yake fitar da zafi zuwa inda yake ɗaukar zafi, sai in ce a raina wannan ba nawa ba ne, ni ta hannu ce. Wani babban ma'aikaci ne ya lura, ya zaunar da ni ya ce in zana masa zagayen da kaina, in ɗora hannu a kan bututun in gaya masa me ya sa wannan yake da zafi wancan yake da sanyi. Sai da na iya wannan sannan na fara gano matsala da kaina, maimakon in riƙa canza kaya ina fatan dacewa.

Don Allah Baba mai tambaya, kada ka liƙa wa yaranka suna. Mu muna ɗaukar abin da manya suka ce game da mu da gaske.

Malama_Ilimi:
'Yar_Koyo, Allah ya yi miki albarka. Wannan illar ita ce ta fi damuna a rabon, fiye ma da ɓata lokaci.

Abu_Kafinta:
Ni fa ina ganin ana wahalar da magana. An daɗe da sanin cewa mutum yana riƙe kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 20 na abin da ya ji, kashi 90 na abin da ya yi da hannu. A ba yaro aiki kawai.

Injiniya_Masana'anta:
Malam Abu, lambobin nan suna yawo sosai a tarukan bita, amma ba su da tushe. Ana jingina su ga wani Ba'amurke, Edgar Dale, wanda ya yi wani zane mai siffar dala a 1946, kuma zanen nasa na asali babu lamba ko ɗaya a ciki. Daga baya aka lilliƙa su. Kuma ka ba sabon yaro zarto na lantarki ka ce ya koya da hannu kawai, ai ka san inda za a kwana.

Abu_Kafinta:
Na karɓi gyara a kan lambobin. Amma a kan zarto ba haka nake nufi ba, ba wanda zai saki sabon yaro a kan inji. Nufina akwai wuraren da ake cika yara da bayani har su gaji, ba su taɓa katako ba.

Hajiya_Tela:
Malam Abu, a nan kam ina tare da kai, amma tambayar ita ce wane aiki za a fara ba shi. Wata mai bincike, Jean Lave, ta zauna da teloli a Laberiya a shekarun 1970 tana kallon yadda suke koyar da yaransu. Ta ga daga ƙarshe suke farawa. Sabon yaro maɓalli zai fara sawa, da kalmasa, da guga, wato yana riƙe da rigar da aka gama yana ganin yadda ta kamata ta kasance. Daga nan ya koyi haɗa yankakkun ƙyallaye a keke, ya gane yadda suke zama jikin juna. Yanka shi ne na ƙarshe, domin shi ne in aka kuskure yadi ya tafi. Da na ji wannan sai na ga ashe abin da teloli da yawa suke yi ke nan ba tare da sun ba shi suna ba. Kowane yaro hanyar nan yake bi, sai dai wani ya yi sauri wani ya daɗe a mataki ɗaya. A saurin nan ne nake bambanta su.

Mai_Walda_A_Sama:
Tunda an taɓo tsoro a sama, bari in faɗi wani abu da ba a so a faɗa. Tsawa da zagi sun fi kowace irin hanyar koyarwa kashe yaro. Hannun da ke rawa ba ya walda. Na ga yaron da aka yanke wa hukuncin cewa ba shi da kai, aka mayar da shi wajen wani mai haƙuri, ya zama abin kwatance.

DanWayarin:
Haka ne, amma kada a wuce gona da iri. A aikinmu in na ga yaro zai kai hannu kan waya bai gwada ko akwai wuta ba, tsawa zan daka masa, daga baya mu yi maganar haƙuri.

Mai_Walda_A_Sama:
Wannan ai ceton rai ne, ba shi nake nufi ba.

Mai_Kula_Da_Koyo:
Na gode ƙwarai, ina bin kowace amsa. Amma bari in dawo da mu kan tambayata. In na ajiye takardar, me zan yi da bambancin da nake gani? Domin ina da yaro yanzu haka da in na ba shi takardar aiki mai awo sai gumi ya karyo masa, alhali hannunsa ya fi na kowa kyau.

Malama_Ilimi:
Malam, a nan ne ya kamata a yi gyara domin mutum ɗaya, kuma da gaske. Ka bincika me ke hana shi. Zai yiwu karatunsa ne bai yi ƙarfi ba tun farko. Zai yiwu yana da matsalar nan ta harhaɗa haruffa da ake kira disleksiya, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Zai yiwu ma idonsa ne yake buƙatar tabarau. Kowanne da maganinsa: manyan lambobi, zane a gefen kowane awo, a karanta masa yana bi da yatsa. Amma burin shi ne ya kai ga karanta takardar, ba a ɗauke masa ita har abada ba, domin ran da ya tsaya da ƙafarsa ba wanda zai karanta masa.

Sai bambanci na biyu da bincike ya tabbatar, tsakanin sabo da wanda ya fara nisa. Sabon shiga ya fi amfana in an nuna masa aikin a warware daga farko har ƙarshe, kaɗan-kaɗan, domin kai ba ya ɗaukar sababbin abubuwa da yawa a tashi ɗaya. John Sweller na Ostireliya ya yi aiki sosai a kan wannan tun shekarun 1980. Shi da abokan aikinsa kuma sun gano cewa bayanin da ya taimaki sabo, shi ne yake zama cikas ga wanda ya riga ya iya. Shi wannan matsala za ka miƙa masa ka koma gefe.

DanWayarin:
Maganar ido ta tuna min. Duk mai koyar da wayarin ko haɗa kayan lantarki ya gwada ko yaro yana bambanta launuka. Akwai masu rikita ja da kore, kuma ya fi yawa a maza. Wasu ba su ma san suna da shi ba. Wannan bambanci ne na gaske, kuma yana iya kashe mutum.

Bako_Daga_Nesa:
Ni dai mai karatu ne a zauren nan, yau na ce bari in sa baki. A Jamus, inda koyon sana'a yake da doka tasa tun 1969, ɗan koyo yana yin kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, ɗaya ko biyu a makarantar sana'a, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi gwargwadon sana'ar. Ba a tambayarsa ko ya fi son aji ko ya fi son wurin aiki, duka biyun zai yi, kuma jarrabawar ƙarshe ta haɗa rubutu da aikin hannu.

TsohonKanike:
To ai su suna da makarantar. Mai ƙaramin gareji shi ne malamin aji, shi ne ogan aiki, ga mai mota tsaye yana jira. Yaushe zai zauna ɓarje aiki a takarda?

Injiniya_Masana'anta:
Baba, ba duka ayyuka za a rubuta ba. Ka zaɓi waɗanda yara suka fi ɓatawa, ko masu haɗari, kamar birki da ɗaga mota a jak. Kuma ba dole takarda ba. Ka sa babban yaronka ya ɗauki bidiyo da waya kana yi kana faɗin dalili, sababbi su kalla su maimaita. Sai dai a kula, kallon bidiyo yana sa mutum ya ji kamar ya iya alhali bai iya ba. Bayan kwana biyu ka ce ya yi maka ba tare da ya duba ba. Tuno abu daga ka, da rarraba maimaici a kan kwanaki maimakon a dunƙule shi rana ɗaya, suna cikin abubuwan da bincike ya fi ƙarfafawa.

Hajiya_Tela:
Ni kuma nakan sa wadda ta iya ta koya wa ta bayanta ina saurare. A nan nake jin inda ita ma take da giɓi.

TsohonKanike:
Bidiyon zan gwada. Amma Malama, har yanzu ba ki ba ni amsar yaron nan mai kunne ba. Ba wanda ya koya masa fiye da sauran.

Malama_Ilimi:
Baba, ban musa baiwa ba. Wani ya fi wani kaifin ji, kamar yadda wani ya fi wani tsayayyen hannu. Abin da nake cewa, kaifin jinsa zai taimake shi a aikin da ke buƙatar ji, amma ba zai sa ya koyi zanen wayoyin mota ta kunne ba. Kuma ina zargin in ka bincika za ka tarar ya daɗe yana saurare da lura tun kafin ya zo hannunka.

TsohonKanike:
Wannan kuma sai na tambaye shi.

Mai_Kula_Da_Koyo:
Ga inda na tsaya zuwa yanzu. Ba zan kasa su gida huɗu ba. Zan fara da ɓarje aikin yankan ƙarfe da na saita wuta kamar yadda Injiniya ya ce, yaron nan kuma zan zauna da shi mu duba maganar karatu da ta ido. Takardar dai ina tunanin ko in yi amfani da ita don buɗe hira kawai, in ji me kowa yake ganin yana ba shi wahala, ba tare da na gaya wa kowa rukuninsa ba. 'Yar_Koyo, ke da kika taɓa cike ta, kina ganin ko hakan ma zai cutar?

Yar_Koyo:
Baba, suna iya lissafa sakamakon da kansu, a intanet yake. Da ni ce, na fi so a tambaye ni kai tsaye wane aiki ne nake jin tsoron a bar ni da shi ni kaɗai.

Abu_Kafinta:
Injiniya, in kana da samfurin takardar ɓarje aikin nan ka ɗora mana a nan, ina so in ga yadda ake rubuta ta kafin in ce na yarda.